Na'ura Ta Karɓi Aikin Alƙalan Layi: To, Wa Ke Auna Mai Awon?

A gasar tanis ta Wimbledon da aka yi a birnin Landan cikin shekarar 2025, an ga filin wasa babu alƙalan layi, watau mutanen nan da kan tsaya a bayan 'yan wasa a sunkuye, su ɗaga murya idan ƙwallo ta fita. Shekara 147 ana gasar da su, yawansu kuwa yakan kai wajen 300. Sai 'yan kaɗan aka riƙe domin taimaka wa babban alƙali, sauran aikin aka miƙa wa kyamarori da kwamfuta. Gasar Ostireliya ta riga ta yi haka tun 1921 da ƙari ɗari, watau 2021, hukumar wasannin maza ta ATP kuma ta shimfiɗa tsarin a dukan manyan gasanninta daga 2025. A ƙwallon ƙafa ma, wanda ya fi kusa da zuciyar masu karatunmu, na'ura ce ke faɗa wa alƙali ko ƙwallo ta tsallake layin raga, ita ce kuma ke zana layin satar gida a manyan gasanni.

Mu dai ba ma cikin masu cewa a koma gidan jiya. Idan mai karatu bai manta ba, ran 13 ga watan Fabrairu na 2000 a filin wasa na Surulere a Ikko, Nijeriya da Kamaru suka tashi 2 da 2 a wasan ƙarshe na cin Kofin Afirka, aka shiga bugun daga kai sai mai tsaron gida. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama, ta sauka bayan layi, ta dawo waje. Alƙalin wasa Mourad Daami ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Kamaru ta ɗauki kofi da 4 da 3. Duk wanda ya kalli maimaicin a talabijin ya ga inda ƙwallon ta sauka. Gaskiya kuma a faɗe ta duka: a gasar Kofin Duniya ta 2014 an soke ƙwallon da Edin Dzeko na Bosniya ya ci mu bisa zargin satar gida, alhali bai yi ba, muka ci wasan 1 da nema. Kuskuren ido yakan cuce mu yau, gobe ya cuci wani dominmu. Irin wannan ne ya sami Ingila a 2010 sa'ad da aka hana ƙwallon Frank Lampard a wasansu da Jamus, abin da ya sa masu tsara dokokin ƙwallo suka amince da na'urar layin raga a watan Yuli na 2012. A tanis kuwa, kurakuran da aka tafka a kan Serena Williams a wasanta da Jennifer Capriati a gasar Amurka ta 2004 su suka buɗe wa na'urar Hawk-Eye ƙofa, har aka fara ba 'yan wasa damar ƙalubalantar hukunci da ita a 2006.

Saboda haka babu gardama cewa na'ura ta fi idon mutum. Abin tambaya shi ne, ta fi shi da nawa? Sa'ad da aka nuna mana zane a allo, ƙwallo ta shafi layi da abin da bai kai kaurin tsinke ba, mutane kan yi shiru kamar an yanke magana daga sama. Mu kuwa muna ganin akwai abin da ya kamata jama'a su sani game da wannan zanen.

Zanen nan ba hoton abin da ya faru ba ne. Lissafi ne aka mayar da shi hoto. Ga yadda abin yake. Ana kafa kyamarori kewaye da fili, kamar goma a filin tanis, bakwai a kan kowace raga a filin ƙwallon ƙafa. Kafin wasa, masu aikin kan saita su, watau su koya wa kwamfuta ainihin inda kowace kyamara take da inda take fuskanta, suna amfani da layukan filin a matsayin ma'auni. Da an buga ƙwallo, kowace kyamara kan nemo tsakiyarta a cikin hotonta. Kyamara ɗaya ba ta iya faɗin nisa, gama abin da ta sani kawai shi ne ƙwallon tana wani wuri a kan miƙaƙƙen layi daga idonta. Amma idan kyamara biyu ko uku suka hango ta a lokaci guda, inda layukansu suka gamu nan ƙwallon take. Ana yin haka hoto bayan hoto, a sami ɗigo-ɗigo a cikin iska, sa'an nan kwamfuta ta ja lanƙwasasshen layi ta bi ta kansu, ta lissafa inda layin ya gamu da ƙasa. Wannan lissafin ne ake zana mana.

To, a nan ne gizo ke saƙar, domin tsakanin hoto da hoto kyamara makauniya ce. Bari mu ɗan yi lissafin 'yan makaranta. Ƙwararren ɗan tanis yakan buga ƙwallon farko da gudun kilomita 200 a awa, watau kusan mita 56 a sakan guda. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 50 a sakan, irin ta talabijin, za ta ga ƙwallon a nan, ta sake ganinta bayan ta yi tafiyar fiye da mita ɗaya. Ko da an kawo mai ɗaukar hoto 340 a sakan, akwai ratar santimita 16 tsakanin gani da gani, alhali faɗin ƙwallon tanis bai kai santimita 7 ba. Iska kan rage mata gudu kafin ta sauka, amma duk da haka ba tilas ba ne kyamara ta kama ainihin lokacin da ta taɓa ƙasa. Cike gurbi ake yi.

Matsala ta biyu ita ce buɗe ido da rufe shi. Kyamara takan bar idonta a buɗe na ɗan lokaci domin haske ya shiga. Idan lokacin ya kai kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan, ƙwallon da muka ambata ta riga ta matsa fiye da santimita 5, sai ta fito a hoto kamar an ja ta, doguwa maimakon zagayayya, nemo tsakiyarta kuma ya yi wuya. Idan aka gajarta lokacin, hoto kan yi duhu sai an ƙara fitilu. Shi ya sa inuwa, da hasken rana mai faɗuwa, da hadari, ba ƙananan abubuwa ba ne ga masu wannan aiki. Ta uku kuma, ƙwallon tanis ba dutse ba ce. Idan ta daki ƙasa takan lotse, ta ɗan yi sulɓi, cikin kamar kashi 4 ko 5 cikin 1,000 na sakan, ta bar sawu mai siffar ƙwai. Girman sawun da ake zanawa a allo shi ma ƙiyasi ne da kwamfuta ta yi daga gudun ƙwallon da kusurwar saukarta da irin daɓen filin.

Duk da waɗannan, sakamakon abin yabo ne. Kamfanin Hawk-Eye, wanda Paul Hawkins ya kafa a Ingila, kamfanin Sony kuma ya saye shi a 2011, ya bayyana a farkon shekarun amfani da shi cewa matsakaicin kuskurensa a tanis milimita 3.6 ne. Babu idon da zai kusanci haka. Amma mai karatu ya lura da kalmar matsakaici. Idan aka ce matsakaicin kuɗin da 'yan kasuwa ke samu a rana kaza ne, ai an san akwai wanda ya samu ninki, akwai wanda ya tashi hannu rabbana. Haka kuskuren na'ura yake: wani bugun ta kuskure da milimita ɗaya, wani da shida ko fiye.

A wasan ƙarshe na Wimbledon na 2007, na'urar ta ce ƙwallon Rafael Nadal ta taɓa layi da milimita ɗaya tak, bayan an riga an ce ta fita. Roger Federer ya fusata har ya roƙi alƙali a kashe na'urar. Aka yi masa dariya, aka ce ya ƙi gaskiya. A shekara ta gaba wasu malamai biyu na Jami'ar Cardiff, Harry Collins da Robert Evans, suka fitar da nazari mai cewa abin da hankali zai kama: ma'aunin da kan kuskure da milimita uku da wani abu ba shi da ikon rantsuwa a kan milimita ɗaya. Suka ba da shawara a riƙa nuna wa masu kallo iyakar kuskuren tare da zanen. Hukumomin tanis ba su ɗauki shawarar ba. Hujjar masu goyon bayansu ita ce, wasa yana bukatar hukunci nan take, kuma kuskuren na'ura ba ya son kai, yau a kanka gobe a kan abokin karawarka. Mun yarda da wannan hujja rabi. Rabin da ba mu yarda da shi ba shi ne ɓoye wa jama'a cewa kuskuren yana nan.

Kayan wasa a ɗakin gwaji

Akwai wani reshen wannan fasaha da masu kallo ba sa gani, amma shi ne uwar sauran. A ɗakunan gwaji na jami'o'i da na kamfanonin ƙera kayan wasa, ana manna wasu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a jikin ɗan wasa ko a jikin sandarsa. Kyamarorin kan haska wani irin haske da idon mutum ba ya gani, 'yan ƙwallayen su mayar da shi, kwamfuta ta bi sawunsu. Kamfanonin Vicon na Ingila da Qualisys na Suwidin na cikin sanannun masu ƙera waɗannan. Idan an saita su da kyau a ɗaki rufaffe, kuskurensu ba ya kai milimita ɗaya, shi ya sa ake auna sauran na'urori da su.

Amma da an shigo da kayan wasa masu saurin gaske, sai wannan alfahari ya ragu. Ɗauki sandar golf. Kanta yakan yi gudun wajen kilomita 180 a awa a hannun ƙwararru, mita 50 ke nan a sakan, haɗuwarta da ƙwallo kuwa ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan ba. Kyamara mai hoto 500 a sakan tana ganin kan sandar sau ɗaya a kowace santimita 10, kuma bugun kansa ya fi ratar da ke tsakanin hotuna biyu gajarta har ninki huɗu. Watau abin da aka fi son gani, shi ne ya fi saurin wucewa. Bugu da ƙari, abin da mai ƙera sanda ke nema shi ne inda fuskarta ta dosa a lokacin bugu. Idan alamu biyu suna nesa da juna da santimita 10, aka kuskure ɗaya da milimita ɗaya kawai, kusurwar ta kauce da fiye da rabin digiri. Digiri ɗaya kuwa a bugun mita 250 yana kai ƙwallo gefe da mita 4 ko fiye. Ga kuma nauyin alamun kansu da kan sauya yadda sandar ke lanƙwasa, ga girgizar bugu da kan motsa su ko ta fizge su.

Wani abin mamaki shi ne, ƙara saurin kyamara ba ya warware komai kyauta. Ana samun gudu ne ta hanyar raba tazarar da abu ya yi da lokacin da ya ɗauka. Idan hotuna biyu suna da ratar kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan, aka kuskure da milimita ɗaya a kowanne, gudun da za a lissafa zai iya kaucewa da mita 2 a sakan, kimanin kilomita 7 a awa ke nan. Domin magance haka masana kan sa kwamfuta ta goge ƙananan tsalle-tsallen da ke cikin bayanan. Sai dai gogewar ba ta san bambancin kuskure da gaskiya ba, takan goge har da canjin nan na farat ɗaya da kan auku a lokacin bugu.

Wannan ne ya sa muke kallon bajintar gudu da ake shela da ɗan taka-tsantsan. A 2023 littafin Guinness ya rubuta wa Satwiksairaj Rankireddy na Indiya bugun badminton mai gudun kilomita 565 a awa. An auna shi a zauren gwaji na kamfanin Yonex a Japan, da kyamara mai saurin gaske, a daidai fitar ƙwallon daga ragar bugu. Bugun Mads Pieler Kolding na Denmak da aka auna a tsakiyar wasa a 2017 kuwa kilomita 426 ne. Ƙwallon badminton ta gashin tsuntsu ce, iska na cinye gudunta cikin 'yan mitoci, don haka adadin da za a samu ya dogara ga inda aka auna da yadda aka auna. Ba mu ce wani ya yi ƙarya ba. Cewa muka yi lambobin biyu ba a mudu ɗaya aka auna su ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk wasan masu kuɗi ne. To, ga inda abincin mutum ya rataya a kan irin wannan awo. A wasan kurket doka ta hana mai jefa ƙwallo miƙe gwiwar hannunsa a lokacin jifa. A ƙarshen 1995 a birnin Melbon wani alƙali ya yi ta kama Muttiah Muralitharan na Siri Lanka da wannan laifi, har aka kai shi gwaji a Jami'ar Yammacin Ostireliya, aka manna masa alamu a hannu. A gwajin 2004 an sami wani salon jifansa yana miƙe gwiwa da digiri 14, alhali iyakar da aka sa wa irinsa digiri 5 ce. Sai kuma bincike ya nuna kusan duk masu jifa, har da waɗanda ba a taɓa zargi ba, suna miƙe gwiwar ko kaɗan ne. Hukumar kurket ta duniya ta rasa yadda za ta yi, ta mayar da iyakar digiri 15 ga kowa daga 2005, bisa dalilin cewa daga nan ne ido ke fara ganin miƙewar. Awo ya tona cewa dokar da aka yi shekaru ana hukunta mutane da ita, babu mai iya kiyaye ta. A watan Satumba na 2014 kuwa aka dakatar da Saeed Ajmal na Pakistan bayan gwaji a birnin Birisben ya nuna ya zarce iyakar nesa ba kusa ba. Ya gyara jifansa ya dawo, amma bai sake zama abin tsoro ba, ya bar wasa a 2017. A nasa batun ratar ta yi yawa har ba a zargin ma'auni. Amma wanda aka samu da digiri 16 fa? Ana manna alamun a kan fata ne, fata kuma takan zame a kan ƙashi idan hannu yana juyawa da ƙarfi, kuma mutumin da aka tuɓe wa riga a ɗakin gwaji ba lallai ya yi jifa kamar yadda yake yi a gaban dubban jama'a ba.

Duk da haka, kurket ne wasan da ya fi kowane faɗin gaskiya a kan iyakar na'urarsa. A can ana tambayar Hawk-Eye ta faɗi inda ƙwallo za ta bi da ba ta daki ƙafar mai bugu ba, watau duban abin da bai faru ba. Idan lissafin ya nuna ƙasa da rabin ƙwallon ce za ta taɓa sandunan, sai a bar hukuncin alƙalin fili yadda yake. Masoya wasan da yawa na ƙorafin wannan tsari, gama jifa iri ɗaya kan zama fita a hannun wani alƙali, ya zama tsira a hannun wani. Mu kuwa muna ganin ya fi zanen tanis mutunci, domin ya furta a fili cewa akwai inda ma'auni ba ya kaiwa.

Komawa filin ƙwallo

Awon layin raga shi ne mafi sauƙi a duk waɗannan, gama ƙwallon babba ce, layin ba ya motsi, tambayar kuma guda ce. Hukumar FIFA ta fara da yarda da kuskuren santimita 3, daga baya ta rage zuwa ɗaya da rabi, kuma tilas saƙo ya isa agogon alƙali cikin sakan guda. Ran 3 ga Janairu 2019 John Stones na Manchester City ya fitar da ƙwallo daga bakin ragarsu a wasansu da Liverpool, na'ura ta ce saura kimanin milimita 11 ta gama tsallakewa. City ta ci wasan 2 da 1, ta kuma ɗauki kofin kakar da maki 98, Liverpool na bin ta da 97. Milimita 11 tana cikin abin da ƙa'idar FIFA ta yafe, ko da yake kamfanin na cewa na'urarsa ta fi wannan ƙa'ida kaifi sosai. Mai yiwuwa haka ne. Amma daga bakin mai sayarwa muka ji.

Ran 17 ga Yuni 2020 kuma sai na'urar ta makance ɗungum. Mai tsaron gidan Aston Villa, Orjan Nyland, ya koma da ƙwallo cikin ragarsa a wasansu da Sheffield United, kowa ya gani a talabijin, agogon alƙali kuwa bai motsa ba. Kamfanin ya nemi gafara, ya ce mai tsaron gida da ɗan baya da tirken raga sun kare wa kyamarorin bakwai gani, abin da bai taɓa faruwa ba cikin wasanni fiye da 9,000. An tashi babu ci. A ƙarshen kakar Villa ta tsira da maki 35, Bournemouth ta faɗa rukuni na ƙasa da 34. Abin da ya fi damunmu a wannan labari ba makantar kyamara ba ce. Alƙalan da ke gaban allo suna da hoton a gabansu, amma ba su tsoma baki ba, gama an saba cewa idan agogo bai yi magana ba, babu magana. Irin wannan ne ya sake faruwa a Wimbledon ran 6 ga Yuli 2025, sa'ad da wani ma'aikaci ya kashe na'urar a wani sashen fili bisa kuskure. Ƙwallon Sonay Kartal ta fita a fili ƙarara a daidai lokacin da Anastasia Pavlyuchenkova ke neman maki ɗaya ta rufe zagayen, alƙali kuwa maimakon ya faɗi abin da ya gani sai ya ce a sake bugawa. Ta rasa zagayen, ko da yake ta ci wasan daga baya.

Satar gida ta fi wannan wuya nesa, domin ana auna abu biyu ne a tare: inda 'yan wasa suke, da ainihin lokacin da ƙafa ta taɓa ƙwallo. Ɗan wasa mai gudun mita 8 a sakan yakan matsa santimita 16 tsakanin hoto da hoto a kyamarar talabijin, idan kuma ɗan baya yana gudu ta ɗaya ɓangaren ratar ta ƙaru. Amma shekaru aka yi ana soke ƙwallaye a Ingila saboda hamata ko yatsan ƙafa. A 2022 wani malami a Jami'ar Bath, Pooya Soltani, ya gwada wannan da kyamarori masu bin alamu. Ya nuna wa mutane bidiyon bugu ya ce su tsayar da shi a lokacin da aka taɓa ƙwallo, ya tarar suna makara da kashi 132 cikin 1,000 na sakan a matsakaici. A gudun da muka ambata, wannan tafiyar mita guda ce.

FIFA ta san da haka. A gasar Katar ta 2022 ta kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin kowane fili suna bin gaɓoɓi 29 na kowane ɗan wasa sau 50 a sakan, sa'an nan aka dasa wata 'yar na'urar jin motsi a tsakiyar ƙwallon tana aika saƙo sau 500 a sakan. Dasa na'ura cikin ƙwallo shi kansa shaida ne cewa kyamara kaɗai ba ta isa kama lokacin bugu ba. Ita ce ta nuna kan Cristiano Ronaldo bai taɓa ƙwallon da Bruno Fernandes ya ci Yurugwai ba. Amma ba ta raba gardamar ran 1 ga Disamba ba, sa'ad da Kaoru Mitoma na Japan ya dawo da ƙwallo daga bakin layin ƙarshe, Ao Tanaka ya ci Sifen, Jamus ta fita daga gasar. Daga gefe ƙwallon ta yi kama da ta fita, gama gindinta ya bar layi, amma cikinta yana rataye a samansa. FIFA ta ce hoton kyamarar da ke kan layi ne ya tabbatar, sai dai ba ta nuna wa duniya shi ba sai washegari, bayan zargi ya riga ya zaga ko'ina.

Akwai kuma batun da ba na injiniyoyi ba. An rubuta dokokin wasa ne domin idon mutum. Dokar satar gida an yi ta ne domin hana ɗan wasa zaman jiran ƙwallo a bakin raga, ba domin auna kafaɗa ba. A gasar mata ta duniya ta 2019, Wendie Renard ta Faransa ta ɓarar da fenareti a kan Nijeriya, aka ce a sake domin ƙafar Chiamaka Nnadozie ta ɗan bar layi, ta sake ta ci, muka sha kashi 1 da nema. Bisa harafin doka hukuncin daidai ne. Ko wanda ya rubuta dokar ya nufi haka, wannan wata magana ce. Gasar Firimiya ta Ingila ta gane wannan a 2021, ta ƙara kaurin layukan da ake zanawa domin a bar wa mai kai hari 'yan santimitoci.

Ra'ayinmu shi ne, duk hukumar da ta miƙa hukunci ga na'ura, bashi biyu ne a kanta. Ta buga sakamakon gwajin da wani mai zaman kansa ya yi wa na'urar, har da mafi munin kuskuren da aka samu, ba matsakaici kaɗai ba. Ta kuma bar wa alƙali iko da ƙarfin hali ya faɗi abin da idonsa ya gani idan na'ura ta yi shiru. A gasar Madrid ta 2025 Alexander Zverev ya zaro wayarsa ya ɗauki hoton sawun ƙwallo a kan jan daɓe domin ya saɓa wa abin da na'ura ta faɗa, aka yi masa gargaɗi. Wataƙila na'urar ce ke da gaskiya, gama sawu a kan ƙasa mai laushi shi ma yakan yi ruɗi. Amma alƙalin bai ko sauko ya duba ba, domin doka ta hana shi.

A nahiyarmu, hukumar CAF ta fara amfani da alƙalan bidiyo daga zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na Kofin Afirka a 2019, sa'an nan a dukan wasanni 52 na gasar Kamaru a farkon 2022. Duk hukumar ƙwallo da ke shirin sayen irin waɗannan kaya, ya kamata ta tuna an gwada yawancinsu ne a filayen Turai masu rufi zagaye, da fitilu masu ƙarfi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Kyamarar da aka ɗaure a ƙarfen da rana ta gasa tun safe, ko wanda ke girgiza idan 'yan kallo sun yi tsalle, takan kauce daga saitinta. Hazon hunturu da ƙurarsa kan rage kaifin hoto. Kafin a sa hannu a kwangila, a nemi kamfanin ya zo ya yi gwajinsa a filin Kano ko Kaduna a watan Janairu, da ƙarfe huɗu na yamma, a gaban masanan jami'o'inmu, a kuma buga abin da aka samu a jarida.